Ƙaurar Manhaja Daga C Zuwa D

"C ya cika." Da wuya mai gyaran kwamfuta ya wuni a shagonsa bai ji wannan magana ba, a Farm Centre ta Kano yake ko a wani lungu a Kaduna ko Zariya. Mutum ne zai buɗe kwamfutarsa ya tarar layin nan na ƙarƙashin C ya tashi daga shuɗi ya koma jawur, alhali ga D a gefe, fili fetal. Abin da hankali zai fara raya masa shi ne ya kwashi manyan foldoji daga nan ya zuba can. In hotuna ne ko fina-finai ko takardu, an rabu lafiya. In kuwa hannunsa ya kai ga foldar da ake kira Program Files, to ya tsokano tsuliyar dodo. Kafin gari ya waye wata manhajar ta ƙi buɗewa, wata ta buɗe amma ta ce ba ta san lasisinta ba, wata kuma ta tsaya tsakiya, ba ta buɗuwa ba ta goguwa.

Ni dai ban taɓa ganin wautar mai yin haka ba. An yi zamanin da abin da ya yi ɗin shi ne daidai, kuma zamanin bai yi nisan da za a ce an manta da shi ba.

Kwamfutar PC ta farko da IBM ta fitar a 1981 ba ta da faifan ajiya na ciki. Ƙofofin fulofi ne kawai, ta farko A, ta biyu B, al'adar da aka gada daga tsarin CP/M na Gary Kildall. Da aka fito da samfurin XT a 1983, mai faifan ciki na megabait 10, sai aka ba faifan harafin da ke biye. Asalin C ke nan. Layi ne kawai ya zo kansa. Fulofi ya daɗe da ɓacewa, yaran yanzu ba su ma taɓa riƙe shi ba, amma C na nan daram sama da shekara 40, har ya shiga jinin masu rubuta manhaja suka ɗauka duk duniya a C take kwana.

A zamanin DOS manhaja folda ɗaya ce. WordPerfect 5.1, wadda ta fito a 1989 kuma masu buga takardu suka daɗe suna cin abinci da ita, tana zaune ne a C:\WP51, ita da duk tarkacenta. In kana son mayar da ita D, sai ka kwafe foldar, ka buɗe wani ɗan fayil mai suna AUTOEXEC.BAT, ka nemi layin PATH, inda aka jera wuraren da kwamfuta za ta leƙa in an kira sunan manhaja, ka goge C ka rubuta D. Ita kanta manhajar tana da shafin da kake gaya mata inda ƙamusunta yake da inda za ta riƙa ajiye takardu. Ka gyara wannan, ka kashe ka kunna, an gama. Ko da Windows 3.1 ta zo a 1992, yawancin saitin manhajoji a fayilolin INI yake, rubutu zalla da za ka buɗe da Notepad ka karanta da idonka, ka gyara da hannunka.

Canjin ya zo ne da Windows 95, a watan Agustan 1995. Ita ce ta kawo Program Files, aka ce kowace manhaja ta tare a can maimakon kowa ya kafa foldarsa a bakin C yadda ya ga dama. Ita ce kuma ta ɗaukaka rajista, wani kundi na cikin Windows wanda a da ɗan ƙarami ne, ta mayar da shi wurin da ake rubuta kusan komai. Ba zan ce mugunta ce ta kawo wannan ba. Fayilolin INI sun yi yawa sun warwatse, manhajoji na tattake saitin juna, ga kwamfuta ɗaya mutum uku na amfani da ita kowa da yadda yake son tasa. Dole a sami wuri guda da za a rubuta cewa fayil mai kaza a ƙarshen sunansa manhaja kaza ce ke buɗe shi, kuma in an tashi cire manhaja ga abubuwan da za a kwashe. Tsari kam an samu, sai dai daga ranar manhaja ta daina ƙaura cikin sauƙi.

Dalili kuwa, ɗora manhaja ya wuce kwafar fayiloli. Yayin da kake kallon koren layin nan yana tafiya a hankali, abin ɗorawar na bi wuri-wuri yana rubuta cikakken adireshin manhajar, tun daga harafin faifai har sunan fayil. Yana rubuta shi a cikin ɗan hoton da kake dannawa a fuskar kwamfuta. Yana rubuta shi a rajista, a sashen da ke faɗin wace manhaja ke buɗe wane irin fayil, da sashen cirewa, da sashen ƙananan ayyukan da ke tashi tare da kwamfuta suna gudana a bayan fage, irin na riga-kafin bairos da na rumbun bayanai. Babbar manhaja kan bar adireshinta a ɗaruruwan wurare. Misalinta kamar ɗan kasuwar Kantin Kwari ne da ya shekara goma a shago ɗaya. Lambar shagon na kan rasitinsa, tana littafin ƙungiya, tana wajen masu karɓar haraji, tana bakin 'yan dako da direbobin da ke kawo masa kaya daga Legas, tana kan abokan cinikinsa na Maraɗi da Agadas. Sai ya kwashe atamfofinsa cikin dare ya koma wani layi bai gaya wa kowa ba. Ko yadi ɗaya bai ɓata ba, amma duk mai nemansa tsohon shagon zai je, ya tarar da ƙofa a garƙame.

A wajenmu tsoro ne ya fara koya mana D, tun kafin ƙarancin wuri. Waɗanda suka yi zamanin kafe da shagunan buga takardu a shekarun 2000, lokacin Windows XP, sun san yadda filashi ɗaya kan zagaye unguwa yana raba bairos, da yadda wuta kan ɗauke ana tsakiyar aiki Windows ta ƙi tashi. Maganin kowace cuta a lokacin ɗaya ne: a yi fomatin. Saboda haka duk mai gyara na kirki, kafin ya ɗora maka Windows, sai ya raba faifan gida biyu, ya ce maka, "Duk abin da ba ka son rasawa, ajiye shi a D." Shawara ce mai kyau, ta ceci furojet ɗin ɗalibai da hotunan biki da lissafin shaguna ba adadi. Sai dai mutane sun ɗauke ta sun wuce da ita inda ba ta kai ba. Tunda abin da ke D ba ya salwanta, ai sai a ɗora manhajojin ma a can. Da shafin nan ya fito mai tambayar inda za a ajiye, sai a goge C a sa D, a danna Next da kwanciyar hankali.

Na taɓa zama a shagon wani mai gyara ana wannan taƙaddama. Wani dattijo ne mai kantin magani ya zo karɓar kwamfutarsa bayan an yi mata fomatin. Ya buɗe D, ga foldar manhajar lissafinsa cif, ya danna, ta watso masa wani saƙo ta rufe.

"Yaro, ai ga ta nan ina kallonta. Kai ka ce min abin da ke D ba ya taɓuwa."

"Haka ne, Baba, ba a taɓa ta ba. Sabuwar Windows ɗin ce ba ta san da zamanta ba. Sai an sake ɗora ta."

"To wanda ya sayar min ya ɗora min ita ai ya bar gari."

Dattijon ya cire hula ya ajiye a gwiwa. Abin da ya cece shi shi ne ainihin fayil ɗin cinikin, mai ɗauke da sunayen magunguna da farashi da bashin da yake bi, yana cikin wannan folda a D. Da aka samo manhajar daga baya aka ɗora, aka nuna mata fayil ɗin, komai ya dawo. Da a C wanda ya rubuta manhajar ya ɓoye shi, da cinikin shekaru ya bi fomatin. Bambancin da ya kamata a ce an koya wa mutane tun farko ke nan, tare da shawarar raba faifan: manhaja abar sake ɗorawa ce, ka ajiye abin ɗora ta da lambar lasisinta, bayanai kuwa in sun tafi sun tafi.

Akwai manhajojin da suka riƙe tsohuwar ɗabi'a, kuma ba mamaki suna cikin waɗanda suka fi yaɗuwa a hannun mutanenmu. Maktabatus Shamila, taskar nan ta littattafan Musulunci, ta shiga kwamfutocin malamai da ɗalibai ne ta hanyar kwafa. A zuba maka folda guda mai dubban littattafai daga faifan wani, ka ajiye ta a C ko D ko faifan waje, ta yi maka aiki. A lokacin da intanet ke da tsada da nawa, wannan sauƙin ne ya kai ta gidajen da saukewa daga intanet ba za ta kai ta ba. Haka nan manhajojin tafi-da-gidanka irin na PortableApps, waɗanda John Haller ya faro da Firefox a 2004. Sirrinsu bai taka kara ya karya ba. Maimakon manhajar ta ce kayana na C a folda kaza, sai ta ce kayana na foldar da ke kusa da ni, ko ina nake. Masu yawon kafe sun more su: kana tafe da burawuzarka da saitinka a filashi cikin aljihu.

Daga baya dalilin ƙaurar ya canza. A shekarun 2010 faifan SSD ya shigo, mai saurin gaske amma ƙarami kuma da tsada. Laftof 'yan gwanjo suka riƙa zuwa da giga 128, wasu ƙananan ma giga 32 kacal, Windows kaɗai ta cinye fiye da rabi. Masu dabara suka fara zare ƙofar DVD suna cusa tsohon faifai mai giga 500 a gurbinta. Yanzu C da D faifai biyu ne na gaske, ɗaya ƙarami mai gudu, ɗaya babba mai nawa, kuma kowa na neman yadda zai rage wa ƙaramin kaya.

Kafin nan kuwa manhajar ta ƙara rarrabuwa. Daga Windows Vista, a 2007, an tsaurara hana manhaja rubuta abu a cikin Program Files in ba da izinin admin ba, kuma dalilin tsaro ne mai ƙarfi, domin wurin da kowa ke iya rubutu, bairos ma na iya rubutu. Don haka jikin manhajar na Program Files, saitin kowane mutum na wata ɓoyayyiyar folda mai suna AppData a ƙarƙashin sunansa, abin da ya shafi kowa da kowa kuma na ProgramData, ita ma a ɓoye. Da Windows mai bit 64 ta yaɗu a zamanin Windows 7, sai Program Files ɗin ma ta zama biyu, ɗaya an liƙa mata x86 a ƙarshen suna don manhajoji masu bit 32. Wanda ya kwashe folda ɗaya ya kai D, ɓangare guda kawai ya ɗauka, sauran na nan a C, wani ma bai san da shi ba.

Dabaru sun yi ta yawo a lokacin. Akwai wadda ake shiga rajista a nemo wani layi mai suna ProgramFilesDir a mayar da shi D, don duk abin da za a ɗora nan gaba ya wuce can. Microsoft da kanta ta rubuta cewa ba ta goyon bayan wannan, domin sabuntawar Windows da wasu sassanta na iya samun matsala. Akwai masu ɗauke foldar Users ɗungurungum su kai D tun wajen ɗora Windows, da Windows 8.1 ta fito a 2013 sai ta ƙi hawa kan irin waɗannan kwamfutoci. Abin da ya sa nake ƙin irin waɗannan dabaru shi ne ba sa nuna illarsu ranar da aka yi su. Sai an kwana biyu, an manta ma an taɓa wani abu, sannan wata sabuntawa ta maƙale a rabi. Mai kwamfuta ya rasa dalili, mai gyaran da aka kai wa kuma ba shi ne ya yi aikin farko ba, don haka shi ma lalube yake.

Dabarar da na fi yarda da ita ita ce ta mahaɗa. Tsarin NTFS, wanda Windows ke tsara faifai da shi, yana da ita tun Windows 2000, sai dai ba a ba talaka makamin yin ta a sauƙaƙe ba, har Mark Russinovich ya rubuta wata 'yar manhaja mai suna Junction don wannan aiki, kafin Vista ta zo da umarnin mklink. Ga yadda ake yi. Ka rufe manhajar, ka kwafe foldarta zuwa D, ka canza wa ta C suna don ta zama ajiya, sannan ka buɗe baƙin allon nan na umarni da ikon admin ka rubuta:

mklink /J "C:\Program Files\Wance" "D:\Manhajoji\Wance"

Daga nan duk abin da ya zo tsohon adireshi, Windows za ta wuce da shi sabon ba tare da ya sani ba. Rajista na nan da tsohon rubutunta, ba a taɓa ko layi ɗaya ba, kuma komai na isa inda ya nufa. Ka gwada manhajar na 'yan kwanaki, in lafiya lau, ka goge ajiyar. Tana aiki sosai ga wasanni da manyan manhajojin zane. Amma ban ba kowa shawarar ya yi wa Program Files gaba ɗayanta haka ba, ko riga-kafin bairos, ko duk abin da ke tashi tun kwamfuta ba ta gama farkawa ba. Kuma mai gyaran da ya yi wa mutum wannan aiki, haƙƙi ne a kansa ya rubuta abin da ya yi a ɗan fayil ya ajiye a bakin D, saboda wanda zai zo bayansa.

Duk wannan ya rataya ne a kan D ya ci gaba da zama D. Harafin ba a jikin faifan yake ba, Windows ce ke rabawa. Faifan waje da yau yake E, gobe in filashi ya riga shi shiga ya karɓe harafin, sai ya wayi gari F. Editocin fina-finai na Zoo Road ta Kano sun fi kowa sanin zafin wannan. Ka buɗe aikin da ka yi mako kana yankawa, darakta na zaune a bayanka, allo ya cika da jan gargaɗin cewa ba a ga hotunan ba, alhali faifan na kan tebur fitilarsa na ƙiftawa. Maganin ɗan ƙarami ne: a shiga Disk Management a ba faifan harafi mai nisa, kamar M ko X, wanda filashi ba zai kai gare shi ba.

Su editocin ne kuma na ga sun fara gane cewa sau da yawa ba jikin manhajar ne ke cika C ba. Ita kanta Premiere, manhajar da suke haɗa fim da ita, 'yan gigogi ce. Abin da ke kumbura shi ne tarin fayilolin wucin gadi da take tarawa a AppData duk lokacin da aka shigo da sabon hoto ko sauti, wanda kan kai gomman gigogi ba wanda ya lura. Cikin saitin manhajar akwai wurin da za ka ce mata ta riƙa zuba su a D, hanya ce da masu manhajar suka tanada da kansu. Haka masu haɗa kiɗa a situdiyo, tarin sautukan ne ke da nauyi, kuma ana iya nuna wa manhajar inda suke. Haka mai koyon rubuta manhajar waya da Android Studio, kayan aikin da take saukewa ne ke cin wuri, su ma a AppData, su ma akwai gurbin sauya musu adireshi. Ga kowa da kowa kuma, foldojin Documents da Downloads da Videos duk suna da shafin Location, inda za ka ce a mayar da su D, Windows ta kwashe kayan ta kuma gyara adireshin da kanta. Hukuncina a nan a fili yake: a bar jikin manhaja a C, a kai nauyin D ta ƙofar da aka tanada. In kuwa lalle sai manhajar ta koma, a cire ta a sake ɗorawa a can. Ya fi ɗaukar lokaci yau, amma shi ne ba ya dawo da mutum shagon gyara.

Matsalar nan fa ta girmi Windows. A farkon shekarun 1970, a Bell Labs ta Amurka, Ken Thompson da Dennis Ritchie na gina Unix faifansu na farko ya cika, suka zuba ragowar manhajojin a faifai na biyu, ƙarƙashin /usr, inda asali foldojin masu amfani suke. Har yau manhajojin Linux, mai bin tsarin Unix, a /usr suke zaune. Amma da yake Unix ba ta da haruffa, kowane faifai ana rataya shi ne a wani reshe na tsari guda, kana iya sauya faifan da ke ƙasa adireshin bai motsa ba. A Mac kuma yawancin manhajoji ƙunshi ɗaya ne, ka ja ka ajiye inda kake so. Na kawo wannan ne don a san cewa abin da muke fama da shi zaɓi ne da wasu mutane suka yi a wani lokaci, kwamfuta ba ta tilasta shi ba.

Wani kaso na laifin kuma na masu rubuta manhaja ne. Windows ta tanadi hanyar da manhaja za ta tambaya ina Program Files take a wannan kwamfuta, ina foldar takardun mai ita take. Mai gaggawa ba ya tambaya, sai ya rubuta C:\Program Files kai tsaye a cikin aikinsa, tunda a kwamfutarsa haka ne. Jamusawa sun sha fama da irin wannan a zamanin XP, domin tasu foldar sunanta Programme, ta masu Sifaniyanci kuma Archivos de programa. Masu kyakkyawan aiki kuwa sukan yi ɗaya cikin biyu. Ko dai su tanadi hanyar gyara, kamar XAMPP da ɗalibai ke koyon gina shafin intanet da ita, wadda ke zuwa da fayil ɗin setup_xampp.bat mai daidaita adireshi bayan an mayar da foldar wani wuri. Ko kuma su faɗi gaskiya, kamar masu Python da suka bayyana cewa keɓaɓɓen muhallin aiki na venv ba abin ɗauka a kai wani wuri ba ne, sabo ake ginawa. Duka biyun mutunta mai amfani ne.

A yau an sami sauƙi ta wani gefe. Tun zamanin Windows 10, wadda ta fito a 2015, akwai wuri a saiti da za ka zaɓi faifan da sababbin manhajoji da takardu za su riƙa tafiya, kuma manhajojin da aka sauke daga shagon Microsoft da yawansu na da madannin Move. Steam ta masu wasanni na barin mutum ya buɗe rumbu a kowane faifai ya mayar da wasa can. Ta ɗaya gefen kuma, shafin nan mai tambayar inda za a ajiye yana ɓacewa a hankali. Office na zamani, tun daga salon ɗorawar da ya zama ruwan dare da na 2013, ba ya tambaya, C yake nufa. Chrome ma ba ya tambaya. Ka danna sau ɗaya, an gama, ba ka san inda abin ya sauka ba.

Waya ta bi irin wannan hanya cikin sauri. Android 2.2 ta 2010 ta ba da damar mayar da manhaja kan memori, duk da wasu ba sa yarda su koma. Android 6.0 ta 2015 ta zo da haɗe memori da ma'ajiyar waya su zama abu ɗaya, amma da sharaɗin a kulle katin ta yadda wata wayar ba za ta karanta shi ba. Daga baya manyan wayoyi masu tsada suka fara zuwa ba ƙofar memori kwata-kwata, kamar Galaxy S21 ta 2021. Amsar da kamfanoni ke bayarwa ita ce a ajiye a intanet, Google na ba da giga 15 kyauta, OneDrive giga 5, wanda ya wuce nan ya biya duk wata. Wannan amsa ce ga mai wuta dare da rana da intanet da ba ya yankewa. Edita mai ɗanyen hoton fim na ɗaruruwan gigogi, da malami mai taskar littattafai, da mai shagon da ke sayen data da ƙididdiga, har yanzu faifan da ke gabansu shi ne rumbunsu, kuma suna da haƙƙin cewa ga inda kaza zai zauna.

Abin da ya fi damuna ma ba wurin ajiyar ba ne, sanin wurin ne. Wanda ya koyi kwamfuta a shekarun 2000, ko bai so ba sai ya san bambancin C da D, ya san folda cikin folda, domin rashin sanin na iya cinye masa aikin shekara. Yanzu za ka ga ɗalibi mai kaifin basira, waya a hannunsa ba abin da bai iya da ita ba, ya gama buga furojet a laftof, ka tambaye shi ina ya ajiye, ya ce maka a cikin Word. Ba laifinsa ba ne, na'urorin da ya tashi da su ba su taɓa tambayarsa ba. Amma ranar da faifan ya fara ciwo ko za a sauya kwamfuta, wannan tambayar ce za a fara yi masa. Ga shi Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma na neman aƙalla giga 64 da wasu sharuɗɗan da tsofaffin laftof da yawa ba su cika ba, don haka sauye-sauyen faifai da kwamfuta na nan tafe a gidaje da ofisoshi da makarantu.

Kirana ga matasanmu ne masu koyon rubuta manhaja, a jami'o'i da kwalejoji da shirye-shirye irin 3MTT, waɗanda gobe su ne za su rubuta wa makarantu da asibitoci da shaguna manhajar lissafi. Ɗan'uwa, kada ka rubuta C a cikin aikinka, ka tambayi Windows ta gaya maka. Ka raba jikin manhaja da bayanan mai ita, ka bar shi ya zaɓi inda bayanan za su zauna, ka nuna masa wurin a fili ta yadda zai iya kwafa ya ajiye ko ba ka gari. Kafin ka miƙa aikin, ka ɗora shi a D, ka sauya wa faifan harafi, ka kunna ka gani. In ya ƙi tashi, ka koma ka gyara kafin ka karɓi kuɗin mutane.